Gogen Baba Saley Cikin Makaɗan Shinuwa

Château Rouge, Paris
9 ga Oktoba

Zuwa ga taubashina Daouda, ɗan mace, bawan gidanmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ba ka cancanta ba, tunda rabonka da neman lafiyata tun Babbar Salla. Ina gaida Kadidiatou, Allah ya ƙara mata haƙurin zama da kai. Yaya 'yarku Nadia da karatu? Ni dai lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ta fara yi mini albishir da zuwan sanyi. Kasuwa sai godiya, shadda tana ɗan motsawa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Maganar da zan yi ba ta salula ba ce. A unguwar nan in ka yi tari a waya da hantsi, kafin la'asar ana yi maka sannu daga Damagaram.

Alhaji Rachidou, mai kamyon da ke ɗaukar kaya daga kasuwar Rungis yana kai muku Lyon, ya shigo butik, shagon nan nawa, jiya. Ko zama bai yi ba ya ce yana tafe da labari. Wai ya bi ta wani dandali a Guillotière, ya tarar Shinuwa, mutanen ƙasar Sin, suna bikinsu, an rataya fitilu jajaye, makaɗa sun kai talatin a kan kujeru. Yana cikin kallo sai ya hango baƙin mutum ɗaya tal a layi na biyu, cikin jar riga mai ƙyalli, ya ɗora wani abu mai kama da goge a cinya yana ta ja. Ya cire tabarau ya share, ya sake dubawa. Ya rantse mini kai ne.

Na ce masa ya ji tsoron Allah. Na ce Daouda da na sani, ko a biki aka fara kiɗa tashi yake ya ce zai je duba mota. Amma Alhaji surutu gare shi, ba ƙarya ba, shi ya sa abincin rana ya gagare ni. Ka gaya mini gaskiya. Aikin gadin ne ya ƙare har ka koma roƙo? Kuma duk mutanen duniya ka rasa waɗanda za ka yi wa kirari sai Shinuwa? Da wane yaren?

Uwar ɗakinka,
Hajiya Raliatou

*

Vaulx-en-Velin
15 ga Oktoba

Zuwa ga Hajiya uwar ɗaki, mai bakin da ya fi almakashinta kaifi,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta same mu lafiya. Kadidiatou tana amsawa, ta ce haƙurin ya kusa ƙarewa, ki aiko da wani. Nadia tana fama da jarrabawa. Gwiwa kuma, ki rage hawa matakalar tashar metiro da ɗaurin shadda, shekaru sun ja.

Alhaji bai yi ƙarya ba, ni ne. Amma aikina yana nan, kuma ban yi wa kowa kirari ba.

Kin san zauren taron unguwa da nake gadi. Shekara biyu ke nan wata ƙungiyar makaɗan Shinuwa take zuwa gwaji a cikinsa, Laraba da Asabar bayan azahar. Ba sana'arsu ba ce. Akwai mai gidan abinci, akwai malamar lissafi, akwai tsofaffin da suka ajiye aiki. Ni ke jera musu kujeru. Zamansu gida huɗu ne, kuma kowa ya san gidansu. A gaba masu goge, su suna ce masa erhu: tsirkiya biyu gare shi, an rufe bakinsa da fatar mesa, izgar bakan kuma tana maƙale tsakanin tsirkiyoyin ba ta fita. A tsakiya masu kaɗawa da yatsu, cikinsu har da pipa, wani gurmi mai ƙaton ciki da ake rungumewa a tsaye, da wani tebur mai wayoyi fiye da ɗari da ake duka da tsinken gora biyu. Bayansu masu busa: sarewa, da wani damin sarewa mai baki ɗaya, da suona, wadda algaita ce sak, har kumburin kumatun. Can ƙarshe masu ganguna da wani tiren tagulla da ya isa a zuba wa mutum ashirin shinkafa.

Ba mai kiɗa da ka. Kowa da takarda a gabansa, an rubuta kiɗan da lambobi, ɗaya zuwa bakwai. A gabansu duka Monsieur Zhao yake tsayawa da 'yar sanda. Shi ba ya buga komai, amma ba mai motsi sai ya ɗaga ta.

Wata Asabar ina wanke tagogi, tsirkiyar wani bawan Allah ta saki kaɗan. Shi bai ji ba, ni kuwa har cikin haƙorina nake jin ta. Da suka tsaya shan shayi ban san lokacin da na je na murɗa masa kunnen gogen ba. Madame Lin, shugabar masu erhu, ta gan ni. Sai ta ɗora mini nata a cinya. Hajiya, shekara talatin da takwas ban taɓa izga ba, amma hannuna ya riga ni gane hanya. Ta kama yatsuna ta jera su inda ya kamata, tun daga ranar nake wurinta Laraba da Asabar. Kadidiatou ta sani, ita ma ta rage mini hannun jar rigar.

Ba a yi wa kowa kirari, ba a rawa, ba a liƙi. Kiɗa ne kawai, a zauna a saurara.

Yanzu ga abin da na daɗe ina juyawa a raina. Gogen mahaifina, Baba Saley, yana wurinki tun rasuwarsa. Na san ban taɓa tambaya ba. Ina so ki aiko mini da shi ta hannun Alhaji, in gan shi.

Bawanki da ba ki taɓa ciyarwa ba,
Daouda

*

Paris
24 ga Oktoba

Daouda,

Salama da gaisuwa. Gwiwa tana nan da halinta, na gode da zagin.

Na karanta takardarka sau uku, na ga inda ka ɓoye maganar, a tsakiya, bayan tiren shinkafa. Wace ce Madame Lin? Mace ta kama maka yatsu, kana wurinta sau biyu a mako, kuma ka zauna kana lissafa mini sarewa! Baiwar Allah Kadidiatou har da rage maka hannun riga, tana yi maka ɗinkin angonci ba ta sani ba. In abin ya yi nisa ka faɗa, mu san yadda za a yi a je tambaya, ko da yake ban san ko iyayenta suna cin goro ba.

Sai kuma mai sanda. Mutum talatin suna zufa, shi yana tsaye yana korar ƙuda, kuma shi ne babba? Ka buɗe idonka. Irinsu na sani a Kasuwar Dole, ba sa ɗaukar buhu amma su ke fara wanke hannu in an kawo tuwo.

Kuma ka ce ba kirari, ba rawa, ba liƙi, kowa ya yi tsit. To wa ya rasu?

Maganar goge. Yana saman kabad ɗina, naɗe cikin zanen da aka naɗe shi tun farko, ba abin da ya same shi. In ganinsa kake so, jirgin ƙasa awa biyu ne, ka zo ka gani ka koma. Ba zan aika shi ba.

Hajiya Raliatou

*

Vaulx-en-Velin
2 ga Nuwamba

Hajiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyi bai tsananta muku ba. Mu nan ya sauka sosai.

Kadidiatou ta karanta takardarki ta yi dariya har ta ƙware. Madame Lin shekararta saba'in da shida, tana da tattaɓa-kunne biyu, kuma in na kuskure lamba da fensir take dukan bayan hannuna. Ki ajiye goronki. Monsieur Zhao kuwa tsohon likitan haƙori ne, shi ke sayen shayin ma. Ranar da ya yi mura bai zo ba, mun fara tare mun ƙare ɗaya bayan ɗaya, mai tire ya zo na ƙarshe shi kaɗai.

Ga dalilin da ya sa na sake rubutowa. Makon jiya lokacin shayi na zauna a lungu ina jan wani take na Baba a kan erhu, a hankali, don kaina. Da na ɗaga kai sai na ga kowa ya ajiye kofi. Monsieur Zhao ya tambaye ni daga wane yankin ƙasarsu na koyo shi. Na ce daga Birnin Damagaram, bayan masallaci. Ya ce matakan muryar biyar ne, irin na tsofaffin kiɗansu, amma tafiyar ba tasu ba ce. Na ba su labarin goge: tsirkiya ɗaya ta izga, ƙwarya, fatar guza. Sun kewaye ni suna tambaya, ni da ban taɓa faɗa wa ko Nadia sana'ar kakanta ba.

An gayyace mu wasa a Paris, a unguwa ta goma sha uku, ranar Lahadi 18 ga Fabrairu, don sabuwar shekararsu. Monsieur Zhao yana so ya shirya taken nan, goge a gaba, ƙungiya duka tana mara masa baya. Ba kowane goge nake so ba, Hajiya. Don Allah ki aiko.

Daouda

*

Vaulx-en-Velin
10 ga Disamba

Hajiya,

Ina fata lafiya. Mako biyar ba amsa. Na kira ki a salula, kin ba ni labarin tsadar albasa na minti goma, kika ce ga mai saye ya shigo. Alhaji ya ce ya gan ki ranar Juma'a kina ciniki da ƙarfinki, saboda haka na san ba kwance kike ba.

In maganar goro ce ta ɓata miki rai, wasa ne irin namu. In wani abu ne daban, ki faɗa. Monsieur Zhao ya gama rubuta wa kowa lambobinsa. Kowace Asabar sai su buga nasu, in an zo wurina su yi shiru suna ƙirgawa, ni kuma ina zaune da hannu a cinya. Har sun kai sunana wurin masu buga takardar wasan. Na sake roƙonki.

Daouda

*

Paris
19 ga Disamba

Daouda,

Salamu alaikum. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ya hana ni rubutu ba. Takarda uku na fara na yage, don duk da zagi suke ƙarewa, ni kuwa na je Makka.

Kana ta cewa gogen Baba, gogen Baba, kamar shi ya ga dama ya ajiye. Tunda ka manta bari in tuna maka, don ina wurin, ina tankaɗen gari a tsakar gidanku. Ka dawo daga lise da farin wandonka. 'Yan ajinku sun gan shi yana kiɗa a wani suna, sun yi maka waƙar ɗan maroƙi. Ka tsaya gaban mutane ka ce wa mahaifinka in ya ƙara fita da wannan ƙwaryar, kai ba ɗansa ba ne. Da Faransanci ma ka fara, sai da ka ga bai ji ba ka maimaita da Hausa.  Ya saki izgar, ya naɗe gogen cikin zane, ya koma sayar da goro a bakin kasuwa. Mutumin da in ya ja baka mata ke barin tuwo ya ƙone, ya ƙare yana yayyafa wa goro ruwa.

Ranar saura kwana tara bikina. Ya riga ya yi mini take nawa na kaina, tun ina ƙarama yake cewa sai ranar aurena zai fito da shi fili. An kai ni ɗaki da rediyo mai kaset, batir ya mutu kafin mu kai kwanar gidan.

Da ciwonsa ya tsananta kana ƙasar nan ba takardu, ba ka iya zuwa ba, wannan ban ga laifinka ba. Ni na je na yi jinyarsa, ni ya damƙa wa gogen. Shekara goma sha tara yana wurina, muna ƙasa ɗaya da kai, ko sau ɗaya ba ka ce yana ina ba. Yanzu da Shinuwa suka ajiye kofi, ka tuna kana da uba. Da mai sanda bai yaba ba, da har yau ƙwarya ce.

Na faɗa, raina ya ɗan yi sanyi. Ka gaida Kadidiatou.

Raliatou

*

Vaulx-en-Velin
27 ga Disamba

Hajiya,

Na gaishe ki. Ban manta ba, ko kwana ɗaya. Tashin da nake yi in bar wurin biki ba ƙin kiɗa ba ne, kunya ce. Kuma gaskiyarki, sai da baƙi suka yaba na samu ƙarfin halin tambaya. Wannan ma abin kunya ne, na ɗauka.

Taken da Monsieur Zhao ya ji ina ja naki ne. Shi kaɗai na riƙe daga farko har ƙarshe. Wata da watanni Baba yana gyara shi a zaure, ni ina ɗaki na toshe kunne ina haddar Faransanci, duk da haka ya shiga.

In kin ce a'a, zan gaya musu su cire sunana, in koma layi na biyu. Amma ina roƙonki, aro, ba kyauta ba. Washegarin wasan zai koma saman kabad ɗinki.

Daouda

*

Paris
5 ga Janairu

Bawa,

Gaisuwa. Aro ne, kada ka manta. Na sa shi cikin kwali da tsummokin shadda, na rubuta ƘWAI a kowane gefe don Alhaji ya ji tsoronsa. In ya tambaye ka me ya sa ƙwai ke da dogon wuya, ka ce irin na Paris ne.

Ka aiko mini tike ɗaya, a gaba. Ina so in ga abin da za ku yi wa gogen mutane.

Uwar ɗakinka

*

Vaulx-en-Velin
28 ga Janairu

Hajiya uwar ɗaki,

Allah ya saka da alheri, Allah ya raba ki da ciwon gwiwa. Ya iso lafiya. Da na warware zanen ƙanshin ƙaro da hayaƙin zaurenmu ya taso, na ce wa Kadidiatou zan je duba mota.

Asu ya cinye izgar, amma fatar tana nan. Madame Lin ta samo mana izga wurin wani mai gyaran gogen Turawa, muka ɗaura tare. Sai dai halin Baba gare shi, ba ya son sanyi. Kafin kowane gwaji sai na riƙe shi kusa da shofaj mai ɗumama ɗaki fatar ta miƙe, mutum talatin suna jira. Kuma ba ya ƙirga. Inda Baba ke jan murya har sai ransa ya gamsu, Monsieur Zhao ya ba ni bugu huɗu. Mun yi mako biyu muna ja-in-ja. A ƙarshe ya yarda, a wuri ɗaya zai sauke sandar, kowa ya jira ni sai na gyaɗa kai. Madame Lin ta ce ba ta taɓa ganin ya sauke wa kowa ba.

Ga tike. Don girman Allah ki karanta wannan sau biyu. Ƙarfe uku ne, kuma ukun Shinuwa uku ce. Ki kashe salula. Ba a gaisawa da na kusa in an fara, ba a cin gyaɗa, ba a tashi. In kiɗa ya tsaya ba ƙarewa ya yi ba, shirun ma a rubuce yake. Ba a tafa hannu sai mai sanda ya juyo ya fuskance ku. Ki rage tsawon ɗauri, akwai mutane a bayanki.

Daouda

*

Vaulx-en-Velin
21 ga Fabrairu

Zuwa ga Hajiya Raliatou,

Ina gaishe ki don addini ya ce a gaisa. Bari in gaya miki yadda abin ya kasance daga inda nake zaune, don na ga alama ke ba ki gani ba.

Ɗaurinki ya rufe wa layi uku gani, wannan na yafe. Awar farko kin zauna lafiya, har na hango kanki yana rinjaya lokacin kiɗan sarewa, na yi hamdala. Aka zo namu. Masu pipa suka fara ɗiga ɗaya-ɗaya, masu erhu suka shimfiɗa a ƙasa, Monsieur Zhao ya sauke sandar. Na ja baka. Mutum ɗari huɗu, ko tari babu. Na kai daidai inda Baba ke jan muryar, sai kika rangaɗa guɗa.

Hajiya, guɗarki ta faɗa daidai kan muryar da mai suona ke jira. Ya ɗauka an zo wurinsa, ya cika kumatu ya shigo. Mai tire kuma wata uku yana koyon abu ɗaya, in ya ji suona ya doka, sai ya doka da iya ƙarfinsa, saura shafi guda a zo wurin. Malamar lissafi, mai dukan teburin wayoyi, ta saki tsinkenta ɗaya, ya faɗa cinyar wani babban baƙo.

Ina buɗe ido sai ga ki a kan matakala, da gwiwar da kike ce mana tana ciwo. Mai tsaron ƙofa yana bin ki yana "Madame, s'il vous plaît," kina ce masa, "Attends, ɗan nan, ba da kai nake ba." Kika buɗe jaka kika fara liƙa mini kuɗi a goshi. Suna zamewa suna faɗawa kan fatar gogen, ni kuwa ba damar tsayawa. Kika wuce kan Madame Lin, tsohuwa tana ja tana hura takarda daga hancinta. Kika tsaya gaban Monsieur Zhao kika kalle shi sama da ƙasa, kika ce, "Kai dai ba ka buga komai ba, amma ungo." Kika manna masa.

Ban san yadda muka kai ƙarshe ba. Na dai san ya ɗaga sandar da takarda a goshi, ya tattaro mu ɗaya-ɗaya, muka sauka tare.  Sai wata tsohuwa a baya ta fara tafi, zauren duka ya miƙe.

A bayan fage Monsieur Zhao ya daɗe zaune da kai a hannu. Na je ba shi haƙuri, ya ce har yanzu bai yanke ba, ko ya kore ni, ko ya rubuta ki cikin lambobin. Madame Lin ta yi dariya har da hawaye. Ta ce in gaya miki kyautar sabuwar shekara a jan ambulan ake sa ta, a miƙa da hannu biyu, amma tunda baƙuwa ce ke, ta karɓa.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, da guɗar ta tashi na ja taken yadda ban taɓa ja ba a gwaji.

Na neme ki ban gan ki ba, Litinin kuma na tarar da butik a rufe. Alkawari ne, saboda haka na mai da shi cikin kwalinsa. Alhaji zai kawo miki gobe. Na gode da aro.

Daouda

*

Paris
24 ga Fabrairu

Taubashina Daouda,

Na amsa gaisuwar addini. Gwiwa ta kumbura, kwana biyu ban sauko ba, shi ya sa ka ga butik a rufe. Ba ta yi a banza ba.

Ban yi laifin komai ba. Na kashe salula, ban ci gyaɗa ba, na zauna awa guda kamar a gidan makoki. Amma da ka karkatar da kai hagu ka rufe ido, ba kai na gani ba. Ranar bikina ba wadda ta yi guɗa a kan takena, don ba a buga shi ba. Na duba dama, na duba hagu, Shinuwa ɗari huɗu ba mai niyya, sai na yi wa kaina. Kuma a gidanmu ba a taɓa barin mai goge ya tashi da goshi wayam ba. Ka gaya wa Madame Lin na ji, baɗi da ambulan zan zo. Mai suona kuwa ka ce ina gaishe shi, shi kaɗai ya san abin da ake yi.

Alhaji ya iso da kwalin. Na ce kada ya sauke, ya juya da shi, yana ta mitar ƙwan da ke yawo tsakanin gari biyu.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Ranar da Baba Saley ya damƙa mini gogen, kwana biyu kafin ya cika, ba cewa ya yi ya ba ni ba. Cewa ya yi, "Raliya, ki ajiye wa Daouda. Zai tambaya. Ranar da ya tambaya ki ba shi, kada ki bari ya tambaya sau biyu, yaron akwai kunya."

Na bari ka tambaya sau huɗu. Wannan tsakanina da shi ne, kuma kada ka sa ran zan ba ka haƙuri. Gogen naka ne tun kafin ka roƙa.

Uwar ɗakinka,
Raliatou